Abin da Za Ki Yi Idan Babban Mutum Ya Nemi Yin Amfani da Matsayinsa a Kanki

A nan Damagaram, yarinyar da ta shiga harkar waƙa ko finafinan dandalin soyayya da ɗalibar da ke rubuta kundin kammala karatu a jami'a suna da abin da ya haɗa su, wato makomar kowacce tana hannun namiji guda. Furodusa ne ke zaɓen wadda za ta fito a fim, mai sitidiyo ne ke cewa muryar wa za a ɗauka, malamin da ke duba kundi kuma sai ya sa hannu kafin a ba ɗaliba ranar kare aikinta. Da yawansu mutanen kirki ne. Idan kuwa kika faɗa hannun wanda ba ya tsoron Allah, sunansa da farin jininsa za su riga ki isa duk inda kika nufa da kuka, saboda haka aikin da ke gabanki shi ne ki ƙara wa maganarki nauyi tun kafin ki furta ta.

Ki fara da gane yadda abin yake somawa, domin ba kasafai yake zuwa da tsakar rana ba. Yakan fara da yabo mai yawa, sai kiran waya bayan isha'i a kan abin da zai iya jiran safiya, sai a ɗauke zama daga ofis ko sitidiyo a mayar da shi gida ko ɗakin otal, sai kuma kalmar da ƴan mata da yawa suka sani: "Ni zan ɗaga ki, amma ke ma sai kin taimake ni." Wani kuma da zancen aure yake rufe nufinsa, alhali bai taɓa tambayar hanyar gidanku ba. Da wannan salon Harvey Weinstein, ɗaya daga cikin manyan furodusoshin Amurka, ya daɗe yana kiran ƴan wasa ɗakin otal da sunan tattauna aiki, har zuwa watan Oktoba na 2017 da jaridun New York Times da New Yorker suka tona asirinsa. Duk zaman da aka ce na aiki ne, ki nemi a yi shi a wurin aiki, a lokacin aiki, ƙofa a buɗe. Idan an matsa sai da yamma, ki tafi da ƙanenki ko ƙawarki, kuma ki riƙe kuɗin kabu-kabunki don kada komawarki gida ta dogara da motarsa.

Idan ya fito fili ya faɗi abin da yake so, ki ba shi amsa sau ɗaya, cikin ladabi, kuma a rubuce. Saƙo gajere ya isa: "Malam, don Allah mu tsaya a kan aikin kundi, maganar da ka yi jiya ba na son a sake ta." Kunya da girmama na gaba sukan sa mace ta yi murmushi ta kauce, shi kuwa daga baya zai ce ai ta yarda. Saƙon nan yana toshe masa wannan ƙofa, kuma amsar da zai maido takan zama shaidarki ta farko.

Maganar shaida ita ce wurin da na fi so ki daɗe. Kada ki goge komai, ko da ganinsa yana tayar miki da zuciya. Ki ɗauki hoton saƙonnin WhatsApp yadda lambarsa da kwanan wata za su fito, ki adana saƙonnin murya, ki tura su zuwa wayar wadda kika amince da ita ko adireshin imel ɗinki, domin waya tana ɓata, ana sace ta, kuma mai aikawa yana iya share saƙonsa daga ɓangarorin biyu. Ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta rana da sa'a da wuri, da abin da ya faɗa da kalmominsa, da wanda ya gan ki kina shiga ko fita. Ki ajiye kwafin kowane babi na kundinki da gyare-gyaren da ya yi a kai, da makin da kike samu kafin ki ƙi shi, saboda ramuwar irin waɗannan mutane takan zo ne ta hanyar cewa aikinki ba shi da kyau. Mawaƙiya ko ƴar wasa kuma ta riƙe shaidar yarjejeniya da ta biyan kuɗi, ko da saƙon waya ne. A ranar da abin ya faru ki gaya wa mutum guda, uwa ko yaya ko malama, domin wanda ya ji labari a ranarsa shaidarsa ta fi ta wanda ya ji bayan shekara.

Duk da haka kada ki ɗauka shaida ita kaɗai za ta wadatar. A 2015 wata matashiya ƴar Italiya ta naɗi muryar Weinstein da taimakon ƴan sandan birnin Niyok, amma masu shigar da ƙara suka ƙi gurfanar da shi. Sai da mata sama da 80 suka yi magana aka kai shi kotu. An yanke masa ɗaurin shekara 23 a 2020, wata kotun sama ta soke wannan hukunci a 2024, sai dai kafin nan wata kotu a Los Anjeles ta riga ta ba shi shekara 16. A fagen kimiyya ma haka aka yi da Geoff Marcy, masanin taurari na Jami'ar Kaliforniya da ke Barkeli, wanda ya yi suna wajen gano duniyoyin da ke kewaya wasu taurari: mata huɗu ne suka haɗa ƙorafi, binciken jami'a ya tabbatar ya keta dokokinta tsakanin 2001 da 2010, amma aka tsaya a gargaɗi, har sai da labarin ya fita, abokan aikinsa suka juya masa baya, ya ajiye aiki a watan Oktoba na 2015. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Wanda ya yi miki, da wuya a ce ke ce ta farko, don haka ki tuntuɓi ɗaliban da suka gama a hannunsa ko ƴan matan da suka bar ƙungiyarsa ba zato, ki yi tambaya a hankali ba tare da kin ɗora wa kowa magana a baki ba.

Sai zaɓen ƙofar da za ki ƙwanƙwasa. A jami'a, ki rubuta takarda zuwa ga shugaban sashe ko shugaban tsangaya, ki nemi a canza miki mai duba kundi, ki yi kwafi biyu, a buga hatimi da kwanan wata a kan naki. Idan shugaban abokinsa ne, ki haura sama. A harkar fim da waƙa babu irin wannan tsari mai ƙarfi, kuma abin da aka saba gani shi ne mace ake saurin hukuntawa. Kowa ya tuna yadda ƙungiyar masu shirya finafinai ta Najeriya, MOPPAN, ta kori ƴar wasa Rahama Sadau a 2016 saboda wani bidiyon waƙa. Don haka ƴar wasa ta fi bukatar doka. Gyaran da aka yi wa kundin hukunta laifuffuka na Nijar a 2003 ya sanya matsa wa mutum da neman lalata cikin laifuffuka, da ɗaurin wata 3 zuwa 6 da tarar jaka 10 zuwa jaka 100, idan kuma mai laifin ya yi amfani da ikon da yake da shi a kanki, ɗaurin yana iya kaiwa shekara 1, tarar kuma jaka 200. A ganina hukuncin ya yi kaɗan, amma takardar sammaci tana girgiza mai suna fiye da yadda ake zato. Ana kai ƙara komisariya, ko wurin jandarmomi, ko kai tsaye ga mai shigar da ƙara na gwamnati a kotu, kuma wadda ba ta da kuɗin lauya tana iya neman taimakon hukumar ANAJJ, mai tallafa wa marasa hali a harkar shari'a, ko ƙungiyar mata masana shari'a ta Nijar.

Da zarar maganar ta fito, za a turo dattawa. Za a ce mutum ne mai iyali, a rufa masa asiri, a yi haƙuri don Allah, wataƙila har da ambulan na kuɗi. Sulhu abu ne mai daraja a wurinmu, amma ki lura da abin da ake nema ki bayar: idan sharaɗin shi ne ki goge saƙonni ko ki ce ƙarya kika yi, kada ki yarda, kuma kada ki zauna irin wannan zama ba tare da waliyyinki ko lauya ba. Weinstein ya yi shekaru yana sayen shirun mata da kuɗi da takardun alkawarin rufe baki, abin da ya ba shi damar kaiwa ga na bayansu. Iyaye kuma su sani cewa tambayar "me ya kai ki?" ita ce ke sa ƴarsu ta biyu ta haɗiye nata.

Game da Facebook da TikTok, ki yi taka-tsantsan. Dokar laifuffukan intanet ta 2019 ta hukunta ɓata suna ta kafafen sadarwa, kuma a 2024 an maido da hukuncin ɗauri a kansa, saboda haka mai kuɗi yana iya juya ƙarar ta koma kanki. Ki bari lauya ya ga abin da kike da shi kafin ki ambaci suna a bainar jama'a.

Idan abin ya wuce magana ya kai ga fyaɗe, asibiti ne farko, kafin komisariya da kafin taron dangi. Ki je Babban Asibitin Damagaram ko cibiyar lafiyar uwa da yaro, in da hali ba tare da kin yi wanka ko wanke tufafin ba. Maganin da ke kare mutum daga ƙwayar cutar sida yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki kuma cikin kwana 5. Ki roƙi likita ya rubuta miki takardar shaidar abin da ya gani, ki yi kwafinta, ki ba wadda kika amince da ita ta ajiye.