Yadda ake tayar da tsohuwar albasar kwaɗi a sake mata wuri

A gidanmu na Tudun Wadan Zariya akwai albasar kwaɗi da Inna ta haƙo daga fadamar kogin Kubanni tun muna yara, ta dasa a gindin rijiya. Duk shekara ruwan farko na sauka sai ta fitar da kara, ta buɗe farin fure mai jan layi a tsakiya. Bara waccan aka ce za a ja ɗaki a wurin, dole ta tashi. Na raba ta gida biyu, rabi na dasa daidai, rabi na yi kuskure, shi ya sa nake da abin faɗa.

Kada ki taɓa ta da hunturu, kada kuma a tsakiyar zafin Maris. Ƙasar Zariya a lokacin ta zama dutse, sai kin yanke rabin saiwa kafin ki kai gindi. Ki jira ruwa ya sauka sau ɗaya ko biyu, wajen ƙarshen Afrilu zuwa Mayu. Furen wannan shekarar kam ki haƙura da shi.

Fara da sabon ramin, tun kafin ki kusanci shukar. Tana son ranar safe da ƙasa mai laima, don asalinta 'yar fadama ce. Inda ruwan alwala ke gangarawa ya fi mata ko'ina. Ƙarƙashin mangwaro kuwa ganye za ta yi ta yi, fure babu. Ramin ya kai kamu guda a zurfi da faɗi, in kin tarar da marmara ki sa a fasa da diga. Ki gauraya ƙasar da takin shanu wanda ya ruɓe ya yi baƙi. Ɗanyen kashi ƙona saiwa yake yi, ga kiran gara.

Da yamma, ana gobe aiki, ki zuba mata ruwa bokiti uku. Washegari bayan la'asar ki auna taƙi biyu daga gindin, ki haƙa zagaye, ki yi ta nitsawa har shebur ya shiga ta ƙarƙashi. A nan ake ɓata aiki. Albasar ta fi nisa a ƙasa fiye da yadda ido ke zato, tsohuwa takan fi dunƙulen hannu girma, kuma saiwoyinta farare ne masu kauri da taushi, su ne rayuwarta. Yaron da na sa ya gaji da haƙa ya kama ganyen zai finciko, na ce masa, "Kai ɗan nan, ba karas ba ne, saki!" In aka ja, wuyan ke tsinkewa a bar albasar a rami. A ɗago ta da ƙasarta gaba ɗaya, a ɗora kan buhu, mutum biyu su ɗauka.

Za ki ga 'ya'ya manne da uwar. Waɗanda suka yi saiwar kansu ki ɓare su da hannu a hankali, sauran ki bar su. Inda ya ji ciwo a barbaɗa toka. Ganyen ki rage shi da rabi, don saiwar da ta girgiza ba za ta iya shayar da shi duka ba. Af, sunan albasa kawai gare ta, guba ce. Kada a ajiye ta kusa da madafa ko inda yara da awaki za su kai, kuma ki wanke hannu da sabulu.

Sai zurfin dashe, wanda shi ne ya ci ni. Dubi wuyan albasar, akwai alamar inda ƙasa ta tsaya mata a da, fari a ƙasa, kore a sama. Daidai nan za ki mayar da ita, wuyan yana waje. Ni rabin da na kai bayan ɗaki na binne shi har wuya, wai don kada kaji su tone. Damina biyu yana ba ni ganye shar, ko kara ɗaya bai fitar ba, sai bana na sake tonowa na ɗaga shi. Maganin kaji ƙaya ce ko tsohon kwando.

Ki baje saiwoyin a ramin, ki cika, ki danna da tafin hannu, ki shayar har ruwa ya kwanta. Mako biyu na farko, in sama ta yi shiru kwana uku ki ba ta bokiti guda. Ganye zai yi yaushi, na waje ma ya yi rawaya, kada ki tono don ki duba. Manyan da aka dasa daidai sukan tsallake damina ɗaya kafin su dawo da fure, ƙananan kuwa sai sun yi shekaru suna girma. Nawa da na dasa daidai a gindin famfo sun buɗe bana a farkon Yuni, kara biyu, na yanki ɗaya na kai wa Inna a kofin ruwa.