Yadda za ka zaɓi abin sarrafa kibiya da ya dace da hannunka a laftof

Mafi yawan masu sayen laftof suna tambayar girman ma'ajiya da ƙarfin batiri, amma ba kasafai ake samun wanda ya tsaya ya gwada abin da zai riƙa juya kibiyar da ke yawo a allon kwamfuta da shi ba, alhali hannunsa zai wuni a kansa. Abubuwa uku ne suka fi yawa: faifan shafawa da ke ƙasa da madannai, da ɗan ƙaramin maɓallin roba da ake dasawa a tsakiyar haruffa, da kuma linzami na waje wanda aka fi sani da maus. Kowanne yana da masoyan da ba sa yarda a kushe shi, kuma abin da ke raba su shi ne irin aikin da suke yi.

Mataki na farko shi ne ka lura da aikinka na kwana biyu ko uku, ka ga inda hannunka ya fi daɗewa. Wanda aikinsa buga rubutu ne, kamar sakatare ko ɗalibi mai haɗa kundin kammala karatu, yatsunsa suna kan haruffa kusan kowane lokaci, don haka duk abin da zai sa ya ɗaga hannu ɓata lokaci ne a gare shi. Mai yawan karatu da bincike a intanet ya fi buƙatar sauƙin gangarawa da hawa a shafi. Mai zane ko gyaran hoto ko lissafi a Excel kuwa yana buƙatar kibiyar ta sauka daidai inda yake so.

Bayan haka sai ka gwada faifan shafawa, domin shi ne za ka tarar a kusan kowace laftof. Ya fara yaɗuwa ne bayan da Apple ya saka shi a laftof ɗinsa PowerBook 500 a 1994, a madadin ƙwallon da ake murzawa da yatsa a samfuran baya. Faifan yana gane yatsa ta hanyar ɗan canjin lantarki da fatar mutum ke haddasawa, shi ya sa yake rikicewa idan hannu ya jiƙe, abin da duk wanda ya yi aiki cikin gumin bazara ba tare da fanka ba ya sani. Ka ɗora yatsa ɗaya ka ja kibiyar a hankali daga wannan kusurwa zuwa waccan, ka duba ko tana tsalle ko tana maƙalewa. Sannan ka sa yatsu biyu ka gangara da shafi, ka buɗa su ka haɗe su don ƙara girman hoto da rage shi, ka kuma share da yatsu uku zuwa gefe don sauya manhaja. Idan kwamfutar tana da tsarin da Microsoft ya kira Precision Touchpad, wanda ya zo tare da Windows 8.1, duk waɗannan za su tafi sumul. Tsofaffin faifai kan yi jinkiri ko su ƙi wasu daga ciki. Gwajin da ya fi muhimmanci shi ne ka buga sakin layi guda cur kamar yadda ka saba, ka ga ko tafin hannunka yana taɓa faifan har kibiyar ta koma wani layi ta dagula maka rubutu. Wannan matsala ce da ke sa mutane da dama tsanar faifan baki ɗaya, ko da yake sau da yawa rage saurin jinsa a saituna yana magance ta.

Mataki na uku ya shafi ɗan maɓallin tsakiya, kuma a nan ne ya kamata ka fi haƙuri. Kamfanin IBM ne ya fito da shi a laftof ɗinsa ThinkPad a 1992 da sunan TrackPoint, bisa binciken Ted Selker, kuma Lenovo ya ci gaba da saka shi bayan ya sayi sashen kwamfutoci na IBM a 2005. Yana zaune tsakanin haruffan G da H da B, ja ne a ThinkPad, kuma akwai irinsa a tsofaffin Dell Latitude da HP EliteBook, waɗanda suka cika shagunan kwamfutocin hannu a kasuwanni irin su Farm Centre a Kano. Da yawa daga masu sayen su ba su taɓa sanin amfaninsa ba, wasu ma suna ɗaukar sa ado ne.

Kuskuren sabon shiga shi ne ƙoƙarin tura shi kamar yadda ake tura maus. Maɓallin ba ya motsi, ƙarfin dannawa yake aunawa: idan ka matsa shi kaɗan zuwa dama kibiyar za ta tafi a hankali, idan ka ƙara ƙarfi sai ta ƙara gudu. Ka ɗora ɗan manuni a kansa a sake, babban yatsa kuma a kan maɓallan da ke ƙasa da dogon madannin bayar da tazara. A ThinkPad, idan ka riƙe na tsakiya daga cikinsu ka matsa jan maɓallin zuwa sama ko ƙasa, shafi zai gangara ko ya hau. Wani lokaci za ka ga kibiyar tana tafiya ita kaɗai. Ba lalacewa ba ce, ka ɗauke yatsa na 'yan daƙiƙoƙi za ta daidaita kanta. A ganina rashin adalci ne a yanke masa hukunci a rana ɗaya, sai an ba shi kamar mako guda ana aiki da shi kaɗai. Masu buga rubutu da yatsu goma ne suka fi son sa, saboda hannunsu ba ya barin layin haruffa na tsakiya, kuma yana aiki a wurin da babu sarari, kamar cikin mota. Aibinsa shi ne yana gajiyar da yatsa idan an saita shi da tauri, kuma hular robarsa tana cinyewa, sai dai ana cire ta a sauya wata.

Maus na waje ba ya buƙatar dogon bayani. Ya fi sauran daidaito, kuma shi ne zaɓin mai zane da mai wasan kwamfuta. Sharaɗinsa shi ne tebur, domin a kan cinya ko tabarma ba ya daɗin aiki, kuma mai amfani da haske yakan rikice a kan gilashi. Ka zaɓi wanda ya cika tafin hannunka, ka kuma tuna cewa marar waya yana cin batiri.

Kafin ka tsayar da shawara, ka shiga saituna ka daidaita gudun kibiya, domin sau da yawa abin da mutum ke ƙi saitin ne, ba na'urar ba. Daga nan ka yi aiki iri ɗaya da kowanne: ka zaɓi jimla guda a tsakiyar rubutu, ka ja fayil zuwa wata jaka, ka danna ƙaramin akwati a shafin intanet. Ka lura da wanda ya fi sauri, da kuma wanda wuyan hannunka bai yi tsami da shi ba. Ba dole ne ka tsaya a guda ba. Mutane da yawa suna amfani da maus a ofis, faifai a tafiya, kuma Windows yana ba ka damar kashe faifan da zarar an haɗa maus.

Idan laftof ɗin ta hannu ce za ka saya, ka danna kowace kusurwa ta faifan ka ji ko tana amsawa, ka duba ko ƙurar hunturu ta toshe gefen maɓallan. Ka kuma kalli faifan daga gefe: idan ya tasa sama ko ya ƙi dannuwa, mai yiwuwa batirin da ke ƙarƙashinsa ne ya kumbura, kuma irin wannan batiri yana iya kama wuta, don haka sai an sauya shi kafin ka biya kuɗi.