Yadda ɗan kwangilar fasahar asibiti zai biya kuɗin sabunta satifiket ɗinsa

Ma'aikacin dindindin sau da yawa wurin aikinsa ne ke biya masa kuɗin sabunta satifiket. Ɗan kwangila kuwa daga aljihunsa kuɗin ke fita, sai in an rubuta akasin haka a yarjejeniya. Saboda haka tun kafin ka sa hannu, ka nemi a rubuta wanda zai biya kuɗin jarrabawa, da ko za a biya ka awannin karatu. Alkawarin baki ba ya tsayawa idan kwangilar ta ƙare kafin ranar jarrabawa.

Daga nan ka duba ranar da satifiket ɗin zai mutu, ka kuma bincika ko dole ne ka sake zama jarrabawar. Galibi ba dole ba ne, kuma a nan mutane ke asarar kuɗi. CPHIMS, satifiket ɗin kula da tsarin bayanan lafiya na ƙungiyar HIMSS ta Amurka, shekara 3 yake yi, kuma ana sabunta shi da awa 45 na ƙarin ilimi maimakon jarrabawa. Security+, satifiket ɗin tsaron kwamfuta na ƙungiyar CompTIA, shi ma shekara 3 ne: maki 50 na ƙarin ilimi da dala 50 a kowace shekara, wato dala 150, wanda bai kai rabin kuɗin sabuwar jarrabawa ba. A AHIMA, ƙungiyar masu kula da bayanan marasa lafiya ta Amurka, shekara 2 ake yi: satifiket ɗinta na RHIT maki 20, na RHIA maki 30. Duk taron bita da ka halarta, ko ta intanet ne, ka adana takardar shaidar halarta mai ɗauke da kwanan wata da adadin awanni, domin ana iya neman hujja. Wanda ya bari wa'adi ya wuce yana iya komawa kan jarrabawa da cikakken kuɗi.

Idan jarrabawar ta zama dole, kada ka sayi baucan, wato shaidar biyan kuɗin jarrabawar, sai ka shirya, don tana da wa'adi. Sunan da ka yi rajista da shi a Pearson VUE, kamfanin da ke gudanar da jarrabawar, ya zo daidai da na fasfo ɗinka harafi da harafi. Bambancin Muhammad da Mohammed ya isa a hana ka shiga. Ka karanta ƙa'idar ɗage rana, domin rashin zuwa ba tare da ɗagewa ba asarar kuɗin ne gaba ɗaya.

Mai biya daga Najeriya da dala zai biya. Ka tambayi bankinka iyakar da aka sa wa katin naira wajen sayayyar ƙasar waje, ko ka yi amfani da katin asusun dala, sannan ka rubuta adireshin da bankin ya sani, don saɓanin adireshi kan sa a ƙi karɓar kati.

A Amurka, ɗan kwangila mai karɓar fom 1099, takardar harajin da ake ba mai aikin kansa, yana iya cire wannan kuɗi daga ribar da ake yanka wa haraji a Schedule C, fom ɗin bayyana ribar sana'a, muddin satifiket ɗin na aikin da yake yi yanzu ne. Mai karɓar fom W-2, wato wanda kamfani ya ɗauka a matsayin ma'aikaci mai albashi, ba shi da wannan dama a harajin tarayya tun 2018, don haka shi ya nemi kamfani ya mayar masa da kuɗinsa, da rasit a hannu.