Kurakuran da ke sa bot ya amsa sau huɗu, ko ya yi gum

Wanda ya fara haɗa bot (manhaja mai amsa saƙo da kanta) da dandalin hira irin Slack, Discord ko Telegram yakan ɗauka kowane saƙo zai iso sau ɗaya, a kan lokaci. Daga wannan zato yawancin ciwon kai ke tasowa.

Mafi muni shi ne yin aiki kafin amsawa. Daƙiƙa 3 kacal Slack ke ba sabarka (kwamfutar da bot ɗinka ke aiki a kai) ta mayar da 200, lambar da ke nuna saƙo ya iso. Idan ka tsaya tonon rumbun bayanai lokacin ya wuce, sai ya ɗauka saƙon bai isa ba, ya sake turowa har sau 3: nan take, bayan minti 1, sannan bayan minti 5. Mutum ya rubuta "sannu" sau ɗaya, bot ya yi ta gaishe shi kamar maroƙi. Gyaran shi ne ka mayar da 200 tun farko, ka jefa aikin cikin layin jira. Ko da haka, riƙa ajiye event_id, wato lambar shaida, na duk abin da ka karɓa. Wanda ka taɓa gani, ka watsar.

Akwai kuma bot mai hira da kansa. Amsarsa ma saƙo ce, za ta dawo masa, ya sake amsa ta. A Slack, duba bot_id kafin komai, shi ke nuna saƙon daga bot ya fito.

A Discord, haɗin WebSocket (layin da ke zama a buɗe tsakanin bot da Discord) yana buƙatar bugun zuciya, wato ɗan saƙon "ina nan", a kan tazarar da sabar Discord ta faɗa a saƙonta na farko, Hello. Ka makara, a yanke ka. Yankewar ba abin tsoro ba ce, yadda ake komawa ne mutane ke kwafsawa: suna buɗe sabon zama da saƙon Identify maimakon su ci gaba da tsohon da saƙon Resume, wanda da session_id (lambar zaman) da lambar jerin saƙon ƙarshe da ka karɓa zai kawo maka abin da ya wuce ka. Identify yana da iyaka, 1000 cikin awa 24. Ka haura, a sauya maka mabuɗin sirrin da bot ɗin ke shiga da shi. Ƙara tazara tsakanin kowane yunƙuri da na gaba.

Saƙo na zuwa amma cikinsa fayau? Tun Satumba 2022, a Discord sai ka kunna izinin karanta abin da saƙo ya ƙunsa.

Telegram kuwa ba ya yarda da getUpdates (bot ya je ya ɗauko saƙo da kansa) muddin webhook (Telegram ya turo saƙo zuwa sabarka) na kunne, kuskuren 409 zai ba ka. Goge webhook ɗin tukuna.

Sa hannun Slack fa, wanda ke tabbatar da cewa daga Slack saƙo ya fito, lissafa shi a kan jikin saƙon yadda ya zo, ɗanye. Da zarar ka warware JSON (tsarin da saƙon ke zuwa a ciki) ka sake haɗa shi, tazara ɗaya ta gusa, lissafin ba zai dace ba, ka kwana kana zargin mabuɗi.