Darasi na Tara: 127.0.0.1, Lambar da Kwamfuta Ke Kiran Kanta da Ita

Kowace na'ura da ke kan layin sadarwa tana da lambar adireshinta, kamar 192.168.1.20. Amma akwai lamba ɗaya da ke cikin kowace kwamfuta, ko an jona ta da intanet ko ba a jona ba, wato 127.0.0.1. Masu gyara suna ce mata lufbak, mu kuma za mu kira ta adireshin komo-gida. Ma'anarta "ni kaina". Saƙon da aka tura mata ba ya fita ta waya, ba ya bin Wi-Fi. A cikin manhajar sadarwa yake juyawa ya dawo wa mai shi.

Duk lambobin da suka fara da 127 an keɓe su don wannan aiki, sun haura miliyan 16, sai dai ɗayar nan aka fi sani. A sabon tsarin lambobin adireshi mai suna IPv6 ana rubuta ta ::1. Sunanta na haruffa kuma localhost.

Gwajin farko

A Windows, ku danna maɓallin Windows da harafin R tare, ku rubuta cmd, ku danna Enter. Baƙin allo zai fito. Ku rubuta:

ping 127.0.0.1

Layi huɗu za su fito, kowanne kamar haka:

Reply from 127.0.0.1: bytes=32 time<1ms TTL=128

Wato an tura ɗan saƙo mai bayit 32, ya dawo kafin ƙiftawar ido. A Linux ba ya tsayawa a huɗu, sai kun danna Ctrl da C. In kun rubuta ping localhost kuka ga ::1 ta amsa, ba matsala ba ce, sabon tsarin ne ya riga tsohon.

A nan masu koyo da yawa ke yin kuskure. Suna ganin amsa ta dawo sai su ce ai layi lafiya lau. To, ku zare wayar sadarwar, ku kashe Wi-Fi, ku sake gwadawa. Amsar nan dai za ta fito. Abin da gwajin ya tabbatar kawai shi ne manhajar sadarwa ta ciki, wato TCP/IP, tana aiki. Bai duba katin sadarwa ba, bai duba waya ba, balle rauta, wato na'urar da ke haɗa kwamfuta da intanet. Saboda haka idan intanet ta ɗauke, da shi ake farawa, sannan a rubuta ipconfig a baƙin allon a ga lambar kwamfutar da kuma lambar rautar, a yi wa rautar ping, daga nan a gwada wata lamba ta waje kamar 8.8.8.8. Inda amsa ta fara yankewa, nan gizo ke saƙa.

Gwada shafi kafin a kai shi kasuwa

Mai koyon gina shafin intanet ba ya buƙatar sayen data don ya ga aikinsa. Ya sa manhaja irin XAMPP, ya kunna Apache da ke cikinta, wato manhajar da ke miƙa wa burauza shafi, ya buɗe burauza ya rubuta http://localhost. Shafin zai fito daga cikin kwamfutarsa.

Kowace manhaja tana sauraro ta ƙofa mai lamba. Apache ƙofa ta 80, MySQL, manhajar rumbun bayanai, ta 3306. In ba ta 80 ba ce, dole a rubuta lambar bayan ɗigo biyu, kamar localhost:8080. Idan burauza ta nuna ERR_CONNECTION_REFUSED, kada a zargi kamfanin waya. Babu mai sauraro ne a ƙofar: ko ba a kunna Apache ba, ko an rubuta wata lamba daban. Idan kuma Apache ya ƙi tashi, galibi wata manhaja ce ta riga shi zama a ƙofa ta 80, kamar IIS na Windows. Umarnin netstat -ano zai nuna mai riƙe da ita.

Wani kuma sai ya ɗauki wayarsa ya rubuta 127.0.0.1, wai zai ga shafin da ke kan kwamfuta. Wayar kanta za ta nema, don ita ma a wurinta lambar na nufin "ni kaina". Sai an rubuta lambar da ipconfig ya nuna, kuma su biyun suna kan Wi-Fi ɗaya. Wannan ma yana da amfani ta fuskar tsaro: rumbun bayanan da aka saita ya saurari 127.0.0.1 kaɗai, babu na waje da zai kai gare shi kai tsaye.

Sunan localhost da wasu sunaye ana iya saita su a wani ɗan fayil mai suna hosts, a C:\Windows\System32\drivers\etc, a Linux kuma /etc/hosts. Idan aka rubuta 127.0.0.1 sannan sunan wani shafi, shafin ba zai ƙara buɗuwa a kwamfutar ba. Wasu na toshe talla da haka, amma mugayen manhajoji ma suna yi. Idan shafi ɗaya tak ya ƙi buɗuwa alhali sauran na aiki, a leƙa fayil ɗin.

Aikin aji: ku yi ping 127.0.0.1 da Wi-Fi a kunne, ku kashe ku maimaita, sannan ku gwada 127.5.5.5. Ku rubuta abin da kuka gani a littafinku.