Yadda na gyara ɗan jirgin ƙasan lambuna

Tsohon kan jirgi ne na wasa, mai bin dogo mai faɗin milimita 45, na saye shi na hannu a nan Ingila. Na so in mayar da shi tsarin DCC, inda wuta ke kan dogo kullum, kowane jirgi kuma yana amsa lambarsa. Ina sa masa dikoda, wato 'yar na'urar da ke karɓar umarni daga dogo ta sarrafa injin, sai ƙauri. Ta ƙone ƙurmus.

Laifina ne. Akwatin injin wurin jona waya uku gare shi, wato waya ɗaya ta injin a haɗe take da wadda ke ɗebo wuta daga ƙafafun jirgin, alhali dikoda tana son su rabu sarai. Na buɗe akwatin, na yanke mahaɗin, na liƙa sabuwar waya da dalma, sannan na auna da mitar gwada wuta har na tabbatar babu taɓi. Da na fara da mitar, da kuɗina na aljihuna.

Sabuwar dikoda ta amsa a lamba 3, yadda suke zuwa daga kamfani. Amma jirgin ya riƙa tsaye-tsaye a ƙarƙashin bishiya, inda danshi da ganye ke ɓata dogo. Na goge wurin, na ƙara masa kafasita mai riƙe wuta na 'yan daƙiƙu, ya daina.