Kurakuran masu renon gawo da bagaruwa wajen zuba taki

Duk wanda ya taɓa tuge gyaɗa ko wake ya ga 'yan ƙuraje manne a jikin saiwa. Irinsu ake samu a saiwar gawo da bagaruwa da daƙwara da ƙirya. A cikinsu ƙwayoyin bakteriya da ake kira rizobiyam suke zaune, suna kamo naitirojin, sinadarin da tsiro ke bukata don girma, daga iska suna bai wa itace, shi kuma yana biyansu da sukarin da ganyensa ya haɗa.

Babban kuskure a wurin renon dashe shi ne yawan yuriya. Kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne. Mutum ya barbaɗa ta a ledar dashe, cikin 'yan kwanaki dashe ya yi kore shar, sai ya ɗauka ya ci riba. Alhali itacen da ya sami abinci a ɓagas ba ya wahalar ciyar da baƙi: sababbin ƙuraje ba sa fitowa, waɗanda suka fito kuma aikinsu ya ja baya. Ranar da aka kai shi gona mai jigawa, inda ba mai bi masa da taki, sai ya tsaya cak, ganye ya ɗashe. Ɗanyen kashin kaji ma haka yake yi, har ya ƙona saiwa. Gyara kuwa, a haɗa ƙasar leda da ruɓaɓɓen takin shanu kaɗan. Wannan ya ishe shi tashi kafin ƙuraje su kama aiki. In za a sayi na buhu, gara sufa mai sinadarin fosfaras, domin ƙurajen nan mayen fosfaras ne.

Wasu kuma daga tulin yashin da rana ta gasa suke ɗibar ƙasa, inda ƙwayoyin suka mutu. A tono ƙasa mai sanyi daga gindin babban itace irin wanda ake reno, a gauraya cikin hannu guda a kowace leda. Kada kuma ruwa ya kwanta, ƙuraje na bukatar iska.

Ganin ƙurji kaɗai ba hujja ba ne. A tsaga shi da reza. In cikinsa ja-ja ne kamar nama, yana aiki. Fari bai fara ba ko na banza ne, kore ya tsufa. A lura kuma: na gaskiya a gefen saiwa yake, ana murza shi ya faɗi. Idan saiwar ce da kanta ta kumbura, wannan ɓarnar tsutsar ƙasa ce.

Kuskuren da ya fi ba ni mamaki shi ne zaton duk itace mai kwanso yana wannan aiki. Tsamiya da kalgo da ɗorawa dangi ɗaya suke da gawo, amma ba sa yin ƙuraje. Su kam in ƙasa ta gaji, a ba su takinsu.